Farfaɗo da tsohon jirgin shaƙatawa mai inji: daga ƙasa ake farawa

Jiragen shaƙatawa masu inji da kamfanoni irin su Hatteras da Bertram da Grand Banks suka ƙera tsakanin shekarun 1960 da 1980, ba kasafai gangar jikinsu ke fara gazawa ba. Faibar wancan zamanin, wato zaren gilashi da aka daskarar da danƙon rezin, tana da kauri, kuma in an kula da ita tana kai shekara hamsin da ƙarfinta. Abin da ke kashe irin wannan jirgi shi ne kayan da aka liƙa wa faibar: bawulolin ƙarƙashin ruwa, tankunan mai, wayoyin lantarki, da katakon da aka binne a tsakiyar daɓe. Duk waɗannan a ɓoye suke. Shi ya sa tsarin aikin ya fi komai muhimmanci. A fara toshe hanyar ruwan ƙasa, sai ruwan sama, sai mai da lantarki, sai inji. Fenti da kujeru da labule su ne na ƙarshe, domin wanda ya fara da su zai dawo ya ɓalle su da hannunsa ranar da za a fitar da tanki.

Dubawa kafin a kunce ko noti ɗaya

A fito da jirgin tudu, a wanke ƙasansa, a bar shi ya sha iska na 'yan kwanaki. Sai ka ɗauki ƙaramar guduma mai kan roba mai tauri ka bi gangar jiki da daɓe da bangon baya kana ƙwanƙwasawa, tazarar taƙi ɗaya tsakanin bugu da bugu. Faiba mai lafiya tana amsawa da ƙara mai kaifi. Inda sautin ya mutu ya koma dif-dif, to faibar ta rabu da abin da ke cikinta, ko ruwa ya jiƙa shi. Zagaye wurin da alli. Na'urar auna danshi tana taimakawa, amma kada ka ɗauki lambarta a matsayin hukunci, don fentin ƙasa mai jan ƙarfe da tankin da ke bayan bango suna ruɗa ta. Amfaninta shi ne kwatantawa: auna sama da layin ruwa, auna ƙasa da shi, ka ga bambanci.

In jirgin ƙarfe ne, a auna kaurin farantin da na'urar sauti, a kuma tuna cewa daga ciki yake ruɓewa, ƙarƙashin tankuna da wuraren da ruwa ke kwana. In na katako ne, a zare kusoshi kaɗan daga wurare dabam-dabam a ga ko sun sirance. Rahoton ƙwararren mai duba jirage wajibi ne ko da ka san aikin, domin kamfanonin inshora galibi ba sa karɓar tsohon jirgi sai da shi.

Ƙurajen faiba

Su ne abin da ya fi tsorata masu saye, alhali ba su ne mafi haɗari ba. Ruwa na ratsa fatar waje mai sheƙi, wadda ake kira jelkot, ya tarar da ragowar sinadaran rezin da ba su daskare ba, ya narkar da su, ruwan ya zama mai tsami, ya ci gaba da jawo wani ruwan har wurin ya kumbura. In ka huda ƙurjin za ka ji warin binega. Sa tabarau kafin ka huda, don ruwan na fita da ƙarfi. In ƙurajen ƙalilan ne, a goge kowanne da giranda har a kai faiba mai kyau, a wanke, a bari ya bushe, a cike da ifoksi mai kauri, wato gam mai haɗi biyu da ke daskarewa ya yi tauri. In sun mamaye ƙasan jirgin, sai a feƙe jelkot ɗin gaba ɗaya, a riƙa wanke faibar da ruwan daɗi, mai zafi in da hali, sau da yawa a mako. Wankin nan ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ne aikin: sinadaran da ke jawo ruwa ba sa bushewa da iska, sai an wanke su. Bushewar kan ɗauki watanni. Bayan nan a shafa ifoksi mai tare ruwa hawa huɗu zuwa shida, kaurinsa in ya bushe ya kai milimita 0.25 zuwa 0.5. Wanda ya shafa a kan faiba mai danshi ya kulle ruwan a ciki ne, ƙurajen za su dawo.

Ramukan da ke ƙarƙashin ruwa

Ƙirga kowane rami da aka huda a gangar jiki ƙasa da layin ruwa, ka zana taswirarsu. Jirgi mai inji biyu da janareta da na'urar sanyaya ɗaki da ban-ɗaki biyu yana iya samun fiye da goma. Wanda ba a amfani da shi a cire, a toshe da faiba. Sauran kuwa a kankare su da wuƙa a duba launi. Tagullar da aka haɗa daga jan ƙarfe da kuza, wato buronz, tana jure ruwan gishiri. Wadda aka haɗa da tutiya mai yawa, irin ta famfon gida, tutiyar na zubewa ta bar ƙarfen ya yi ja-ja kamar hoda, ya yi gautsi, guduma ɗaya ta karya shi. Duk bawul mai wannan launi a jefar. Haka bawul mai murɗawa irin na lambu: ba ka gane a buɗe yake ko a rufe, kuma sandarsa na tsinkewa a ciki. Abin da ake so shi ne bawul mai hannu da ke juya kwata, mai faffaɗan gindi da aka ɗaure da notuna a kan faranti mai ƙarfi. A kula da zaren murɗi: bututun da ke ratsa gangar jiki miƙaƙƙen zare gare shi, wasu bawulolin kuma zarensu mai tsukewa ne. In aka haɗa su zagaye biyu ko uku kawai ke kamawa.

Kowane tiyo da ke ƙasa da layin ruwa a sauya shi in ba a san shekarunsa ba, a ɗaure da kilif biyu na sitenles in bakin bututun yana da tsawon ɗaukarsu. A ɗaura turken katako mai tsini kusa da kowane bawul, don toshe ramin in bawul ɗin ya karye. Ga dalilin wannan tsanani: rami mai faɗin santimita 5 da ke santimita 30 ƙasa da layin ruwa yana shigo da lita 200 zuwa 300 a minti. Famfon kwashe ruwa da aka rubuta masa galan 2000 a awa wajen lita 126 kawai yake fitarwa a minti, kuma wannan a takarda ne. In aka haɗa masa dogon tiyo da hawa, abin da zai fitar na iya sauka zuwa rabi.

Kafin ka bar ƙasan jirgin, kama farfela ka girgiza sandarta sama da ƙasa. In tana motsi, boris ɗin roba da ke riƙe ta ya cinye. Zare sandar ka duba daidai inda take ratsa marufin ruwa, domin sitenles na yin ramuka a wurin da iska ba ta kai wa. Marufi irin na dā mai igiyar matsewa ana son ya riƙa ɗiga sau biyu ko uku a minti idan sandar na juyawa, ɗigar ce ke sanyaya shi. Na zamani da ba ya ɗiga yana da roba mai naɗi, wadda ake sauyawa wajen kowace shekara shida. A duba faifan juya akalar jirgi da marufinsa haka nan.

Ruwan sama da daɓe

Nan ne aka fi ɓata lokaci da kuɗi. Yawancin daɓen waɗannan jirage fata biyu ce ta faiba da katakon balsa ko filawud a tsakiya. Kowane sukuru da aka ɗaura a kai ƙofa ce ga ruwan sama. Jiragen da aka ƙera a Taiwan a shekarun 1970 da 1980 an shimfiɗa wa da yawansu katakon tik da dubban sukurori. Katakon na farawa da kauri wajen milimita 12, wanki da guga na cinye shi, har turakun da ke rufe kan sukurori su fara faɗuwa. Da ka ga kan sukuru a waje kuma baƙin danƙon da ke tsakanin katakai ya rabu da gefe, to ruwa ya daɗe da shiga. Sake cusa danƙo a irin wannan daɓe gyaran gangar Auzinawa ne. Abin da ya fi shi ne a ɗaye katakon, a gyara cikin, a shimfiɗa faiba, a yi fenti mai hana santsi. Mai son tik ya liƙa sabo da gam, ba tare da sukuru ba.

Yadda ake gyara cikin da ya ruɓe: yanke fatar sama da zarto mai zagaye da aka saita zurfinsa daidai kaurin fatar, ka ɗaga ta, ka kankare jiƙaƙƙen katakon har ka kai busasshe mai haske. Bar wurin ya bushe, ka goge, ka kwantar da sabon balsa ko soso mai tauri a cikin ifoksi mai kauri, ka danne da nauyi. Gefen tsohuwar fatar a fiƙe shi a karkace, faɗin fiƙar ya ninka kaurin sau 12: fata mai milimita 5 tana buƙatar fiƙa mai milimita 60. A kan wannan karkatar sabuwar faiba ke samun wurin kamawa.

Ifoksi yana da sharuɗɗansa. A auna shi daidai yadda kamfanin ya ce, misali kashi 5 na rezin da kashi 1 na sinadarin daskarewa a West System 105 da 205. Ƙara sinadarin daskarewa ba ya sa shi saurin kamawa, sai dai ya hana shi ƙarfi. A dama kaɗan-kaɗan, giram 200 zuwa 300, a zuba a faffaɗan tire, don in ya taru a kofi yana ɗaukar zafi har ya yi hayaƙi. In ya bushe yakan fitar da wani maiƙo a sama, wanda ruwa da soso ke cirewa. Samfefa kaɗai baza shi take yi, kuma hawa na gaba ba zai kama ba.

Duk ƙarfen da za a mayar kan daɓe, a yi masa rami na dindindin. In notin milimita 6 ne, huda 12, ƙwaƙule katakon da ke kewaye, cike da ifoksi, in ya bushe ka huda 6 a tsakiya, ka ɗan buɗe bakin ramin don danƙo ya samu mazauni. Danƙon butil ko 3M 4200 sun dace da abin da wata rana za a kunce. 3M 5200 gam ne na har abada, yana tasowa da jelkot in an zo cirewa. Silikon kuwa a nisanta shi da duk inda fenti zai hau. Tagogi ma a ciro su a sake zaunar da su, don tabon ruwa a katakon ɗaki yawanci daga nan yake.

Tankunan mai

Tankin baƙin ƙarfe yana ruɓewa ta sama, inda ruwan daɓe ke ɗiga a kansa kusa da bututun zuba mai, yana kuma ruɓewa ta ƙasa daga ruwan da ke kwance cikin dizal. Na alminiyom yana yin ramuka inda ya zauna a kan jiƙaƙƙen katako ko soso. A leƙa samansa da madubi da tocila, a buɗe murfin dubawa a kwashe laka, a gwada shi da iska a matsin fam 3 kan kowane inci murabba'i, wato kusan 0.2 a ma'aunin bar, kada a wuce haka don tankin na iya kumbura. In allurar ta sauka, akwai yoyo. Matsalar ita ce an saka tankunan kafin a saka inji da daɓe, saboda haka fitar da su na nufin ɗaga inji ko yanyanka tankin a wurin. In za ka ciro inji don wani dalili, sauya tankunan a lokacin ko da ba su fara yoyo ba. Sabon tankin alminiyom a ɗora shi a kan sandunan roba mai tauri da aka liƙa masa, iska ta riƙa ratsa ƙasansa. Jirgi mai amfani da fetur lamarinsa ya fi tsanani: ba a kusantar tankinsa da abin da ke tartsatsi, kuma fetur mai haɗin etanol yana narkar da tsofaffin tankunan faiba. Tiyon mai a ɗakin inji ya zama mai tambarin A1, mai jure wuta.

Inji

Yawan awannin da ke kan mita bai faɗi komai ba. Taɓa injin ka tabbatar a sanyi yake kafin a tayar, domin inji mai raunin matsi yana tashi lafiya in an riga an ɗumama shi. A kai samfurin baƙin mai ɗakin gwaji: gishirin sodiyom da yawa na nufin ruwan teku ko ruwan sanyaya inji na shiga, ƙarfe da yawa na nufin ci. Sai a fita kan ruwa a buɗe wuta gaba ɗaya na minti biyar zuwa goma. Dole injin ya kai juyin da aka ƙayyade masa, 2500 a minti ga Ford Lehman 120, 2800 ga Caterpillar 3208, ba tare da zafi ya haura ba. In bai kai ba, ko farfela ta yi masa girma, ko ƙasan jirgin ya yi datti, ko mai ba ya isa. Baƙin hayaƙi nauyi ne ko ƙarancin iska, shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, fari kuma ɗanyen dizal ne ko tururi.

Kowane tsohon inji da halinsa. Famfon injekta irin na Simms da ke kan Lehman 120 yana da nasa baƙin mai dabam, ana sauya shi duk awa 50, kuma da yawa ba su san da shi ba. Detroit Diesel 6-71 da 8V71 suna son mai lamba 40 zalla mai ƙarancin toka, ba mai lamba biyu ba, kuma ana iya sauya musu hannun silinda a cikin jirgin. Caterpillar 3208 ba shi da irin wannan hannun, in silindarsa ta cinye sai an fitar da shi.

Abin da ke kashe injin jirgi yawanci ba fistin ba ne, hanyar ruwan teku ce. A sauya farfelar roba ta famfon ruwa kowace shekara, in fikafikanta sun karye a bi sawunsu har a samo su a bakin bututun sanyaya. A kunce wannan bututun sanyaya da na baƙin mai da na giya, a wanke, a gwada, a sa sababbin sandunan tutiya. Gwiwar salansa, inda ruwa ke haɗuwa da hayaƙi, tana ruɓewa daga ciki alhali wajenta na sheƙi. In ta huje ruwa ya koma silinda, inji ya kulle, sandar fistin ta lanƙwashe. Haka in inji ya ƙi tashi aka yi ta murza shi: famfo na ta cika tukunyar salansa da ruwa, ba hayaƙin da zai tura shi waje. Bayan daƙiƙa 30 na murzawa a rufe bawul ɗin ruwa, a buɗe da zarar ya kama.

A ganina, inji mai sauƙi mai lafiya a jirgi mai tafiyar hankali bai cancanci a sauya shi ba. Sabon inji ba shi kaɗai yake zuwa ba, yana jawo sabon giyabos, farfela, wataƙila sanda, faɗin salansa, mazauni da hanyar iska.

Lantarki

Jirgi mai shekara arba'in ya ratsa hannun masu shi da yawa, kowa ya ƙara waya bai cire tsohuwa ba. Bi kowace waya, wadda ba ta zuwa ko'ina a zare ta. Feƙe bakin waya ka duba: in jan ƙarfen ya yi baƙi har ciki, ta gama aiki. Sabuwa ta zama mai silili da yawa, mai rufin kuza. Wayar gida mai ƙwaya ɗaya girgiza na karya ta. Ƙa'idojin ABYC, ƙungiyar da ke tsara mizanin ƙirar jiragen ruwa a Amurka, sun ce a sa fis cikin inci 7, kusan santimita 18, daga inda waya ta ɗauki wuta, a kuma ɗaure ta kowane inci 18. Raguwar ƙarfin wuta kada ta wuce kashi 3 cikin 100 ga fitilun tafiya da famfon kwashe ruwa da na'urorin tuƙi, kashi 10 ga sauran. A batir mai bolt 12, kashi 3 ɗin bolt 0.36 ne kacal. Na'ura mai jan amfiya 10 da ke nisan mita 6, zuwa da dawowa mita 12 ke nan, tana buƙatar waya mai kaurin milimita 6 murabba'i. Mahaɗa a matse su da filaya ta musamman a rufe da roba mai tsukewa da zafi.

Soket ɗin da wutar tashar jirage ke shigowa ta cikinsa wuri ne da gobara ke yawan tashi. In ka ga ƙuna a bakinsa, sauya shi tare da kan wayar. A sa abin katse wuta mai jin yoyon miliamfiya 30 a mashiga, da na'urar da ke hana ƙarafan jirginka cinyewa saboda jiragen maƙwabta ta wayar ƙasa. Dunƙulen kariya da ake ɗaurawa a sanda da faifan akala: tutiya a ruwan gishiri, magniziyom a ruwan daɗi, alminiyom a kowanne. Ba a yi musu fenti, kuma a sauya in rabi ya cinye. Mai son batirin litiyom ya sani cewa yana zuƙar caji har ya ƙona tsohuwar altaneto in ba a sa mata abin daidaitawa ba. Tukunyar gas ta girki a ajiye ta a akwati mai rufi da magudanarsa ke fita waje, don gas ya fi iska nauyi, ƙasan jirgi yake gangarawa. A sa ƙararrawar hayaƙi da ta iskar kabon monoksaid a ɗakunan kwana. Farin ƙyallen da ke naɗe da tsohuwar salansa yana iya zama asbestos, kada a yage shi a bushe.

Fenti da komawa ruwa

Fenti mai haɗi biyu irin Awlgrip yana tayar da tsohon fenti mai haɗi ɗaya. Ɗora tsumma mai jiƙe da sinadarin narka shi a wani lungu na 'yan mintuna, in tsohon ya yi laushi sai an kankare shi duka. Zafin jikin jirgin ya ɗara ma'aunin saukar raɓa da digiri 3 aƙalla, in ba haka ba sheƙin zai dushe. Fesa irin wannan fenti sai da takunkumi mai kawo iska daga waje. Mai aiki da hannunsa ya yi amfani da rola da burushi. Fentin ƙasa mai jan ƙarfe ba a shafa shi a jirgin alminiyom. A riƙa rubuta nauyin duk abin da aka ƙara, musamman a bene na sama, don rumfa mai nauyi da ƙaramin kwalekwale a can suna ƙara wa jirgin tangaɗi.

Ranar saukarwa, a bar jirgin rataye a majanyun injin ɗaga jirgi har sai an shiga da tocila an shafa kowane bawul da marufi da busasshen hannu. Daidaita inji da sandar farfela ba a tudu ake yi ba, domin gangar jiki na sauya zama in ta hau ruwa. A jira kwana biyu ko uku da tankuna a cike, a kunce notunan mahaɗar sanda da giyabos, a zura fila geji, wato siraran ƙarafan auna tazara, a kusurwa huɗu. Bambancin kada ya wuce inci 0.001 ga kowane inci na faɗin mahaɗar, wato kusan milimita 0.1 ga mahaɗa mai inci 4. A gyara da notunan ƙafafun inji, a juya sandar rabin zagaye a sake aunawa. In wurin da ya fi buɗewa ya bi juyin sandar, to sandar ko mahaɗar ce ta lanƙwashe, ba injin ne ya karkace ba.